Masara, Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

Wanda ya ratsa ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a watan Agusta, ya ga masara ta yi goyo hagu da dama, sai ya zaci tun kaka da kakanni haka abin yake. Ba haka ba ne. Masara baƙuwa ce.

Asalinta ƙasar Meziko, can a nahiyar Amurka. Mutanen wurin ne suka samo ta daga wata ciyawar daji, wajen shekara 9,000 da suka wuce. Bayan tafiyar Kolombus ta 1492 aka kai ta Turai, 'yan Fotugal kuma suka sauke ta a gaɓar tekunmu. Sunan da muke kiranta kuwa, masana suna ganin daga Masar ya fito, alamar wata ta biyo ta arewa ke nan.

A da, iyayenmu a bayan gida suke shuka ta, inda shara da kashin awaki suke, don a sami ta gasawa kafin dawa ta nuna. Wajen 1975 aka kafa shirin aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, ya kawo sabon iri da takin zamani mai rahusa. Daga nan ta fita daji, ta ture dawa a gonaki da yawa.

Amfaninta fa? Tuwo, koko, dambu, faten tsaki, gugguru. Dusa ta dabbobi da kaji, totuwa ta murhu. To, amma uwargida ta lura: surfe yana tafiya da wani ɓangare na abin gina jiki. Mutanen Meziko da ruwan toka suke dafa ta, wannan yana fito da sinadarin da ke hana wani ciwon fata. Yaron da aka yaye da kokon masara zalla zai rame, sai a haɗa masa da gyaɗa ko waken soya.

Baƙuwar nan kuma akwai ci. In ba taki, ba goyo, ga taki ya yi tsada. Tun 2016 wata tsutsa daga Amurka take cin zuciyarta. 'Yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Saboda haka ɗan abin da muka samu, kada mu shanya shi a ƙasa ko mu zuba a buhu da danshi, domin masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi.