Idan Macijin Gardi Ya Kuɓuce A Cikin Gida

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, a ƙasarmu ta Gobir, daga Sabon Birni har Isa, akwai gardawa masu ajiye gamsheƙa ko mesa cikin ƙwarya don wasa a kasuwa. Wata rana sai murfi ya goce, maciji ya sulale. To, yaya za a yi?

Da farko ku sani, ko an cire masa haƙoran dafi, wasu suna sake tsirowa. Kada wani ya ce ai na gida ne.

A fitar da yara, a rufe ƙofa, a toshe ƙarƙashinta da tsumma. Maciji ba ya nisa, duhu da matsi yake so: bayan randa, ƙarƙashin rumbu, tarin itacen girki, akurkin kaji, ramin ɓera. A duba da tocila da doguwar sanda, ban da cusa hannu. Idan ba a gan shi ba, a barbaɗa toka a bakin kowane ɗaki da magariba, da safe sawunsa zai nuna inda ya shiga. In an gan shi a fili, a kifa masa babban kwano, a ɗora dutse, a kira mai shi.

Gamsheƙa tana feshin dafi a ido, sai a wanke da ruwa mai yawa nan take. Wanda aka sara kuwa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya. A ɗauke shi zuwa babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah Ya kiyashe mu, amin.