Gidan Haya: Kai Za Ka Riƙe, Ko Wakili Za Ka Ba?

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau maganar gidan haya za mu yi. Kukan ɗan haya kullum ana jin sa, saboda haka yau wajen mai gida za mu tsaya: ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo da kwano, ɗan kasuwar da ya jera shaguna a bakin titi, ko magada goma da aka bar wa gida ɗaya, ba ya rabuwa, suka ce a zuba 'yan haya a riƙa raba kuɗin. Kowannensu sai ya yanke shawara: shi zai riƙe gidan, ko wani zai danƙa wa?

[Kiɗa]

Da yawa daga masu cewa sun ba da gidansu a kula musu, in ka bincika, dillali kawai suka samu. Aikin dillali shi ne ya kawo ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, ya ƙara gaba. A Kano da Kaduna da Abuja, abin da aka fi sabawa da shi shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, kuma daga aljihun mai shiga gidan ake cira. Shi ya sa mai gida yake ganin kamar kyauta ake yi masa aiki.

To, mu yi lissafi. A ce gidanka a Hotoro ko Rijiyar Zaki a Kano, naira miliyan 1 a shekara. Ranar da sabon ɗan haya ya shiga, dillali ya samu naira 100,000. In mutumin ya zauna lafiya shekara biyar yana sabunta haya, kai ka ji daɗi, shi kuwa dillali a mafi yawan lokaci bai sake ganin ko sisi ba. In kuwa duk shekara wani ya fita wani ya shiga, la'ada biyar ke nan. Ba ina cewa dillalai macuta ba ne, akwai masu amana da yawa. Amma ka lura da wanda yake yawan raɗa maka cewa gidanka ya fi ƙarfin abin da ake biya, a tashi wannan a sa wani. Ka tambayi kanka wa zai fara cin ribar tashin.

Mai kula da gida na haƙiƙa daban yake. Kai kake biyansa, yawanci tsakanin kashi 5 zuwa 10 na abin da ya karɓo, kowace shekara. Abincinsa yana cikin a biya haya a kan lokaci, kada gida ya zauna babu kowa. Wancan gidan na miliyan 1, in ya yi wata biyu a kulle, ka yi asarar sama da naira 160,000, wato fiye da ladan mai kula na shekara guda. Masu ƙyashin kashi goman nan ba kasafai suke yin wannan lissafin ba.

Sana'ar tana da ƙwararrunta. Akwai ƙungiyar masu kimanta gidaje da filaye ta Najeriya, NIESV, da aka kafa a 1969, da hukumar da ke yi musu rajista, ESVARBON, wadda dokar soja ta 1975 ta samar. Wanda ke da rajista a nan yana da abin da zai rasa in ya ci amanarka, kuma kana da inda za ka kai ƙara. Ofisoshin lauyoyi ma da yawa suna riƙe gidaje. Sai dai gaskiya irin waɗannan sun fi son manyan gidaje da filazoji. Mai ciki da falo huɗu a lungu ba lalle su saurare shi ba.

[Kiɗa]

Mene ne ma aikin? Ba karɓar kuɗi kaɗai ba ne, wannan ai yini ɗaya ne a shekara. Aikin shi ne binciken mutum kafin a ba shi makulli: ina yake aiki, ina ya taso, me ya tashe shi, wa zai tsaya masa. Shi ne duba kwano kafin damina ta faɗi, da kiran masu kwashe masai kafin maƙwabta su kai ka wajen mai unguwa. Shi ne raba faɗan 'yan haya a kan wanda zai share kwata da wanda zai biya gyaran injin burtsatse. Uwa uba wutar lantarki: in gidan ba shi da mita mai kati, bashin wuta a kan gidan yake zama, ba ya bin ɗan haya in ya kwashe kayansa. Masu gida nawa ne suka wayi gari da takardar bashi mai nauyi, wanda ya sha wutar kuwa ya yi nisa?

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Mu nan mai gida da ɗan haya sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. An yi wa ɗan haya haihuwa, kai ka je suna. Wa'adi ya cika, ya tare ka bayan sallar asuba ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, albashi bai shigo ba." Me za ka ce? Wata uku ya zama shida, shida ta zama shekara. Sassauta wa wanda ke cikin ƙunci abu ne mai lada, babu mai musu. Amma in gidan na marayu ne, ko na magada, ba kai kaɗai ke da haƙƙin yafewa ba. A ganina wannan shi ne babban abin da wakili yake sayar maka: fuskar da ba ta jin nauyin kowa a unguwar. Shi zai ce a'a, kai kuma ku ci gaba da gaisawa.

In abin ya kai ga tashi, nan ne mai riƙe gidansa da kansa ya fi yin ɓarna. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, watso kaya waje, duk doka ba ta yarda ba, kuma mai gaskiya yakan koma wanda ake tuhuma. A Abuja, haka ma a dokar haya ta Legas ta 2011, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan nan sai takardar kwana bakwai, sannan kotu. Kowace jiha da dokarta, sai a tambayi lauya. Kuskure a kwanan wata kaɗai yana iya sa a koma farko. In wakili ne zai sa hannu a takardun, a ba shi wakilcin a rubuce, don lauyan ɗan haya nan zai fara laluba.

[Kiɗa]

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce aka fi bi: a bar wa ƙane ko ɗan yaya ya riƙa dubawa, ba lada, ba takarda. Mai gida yana Legas ko Jidda ko Ingila, hankalinsa kwance. Ni dai ita na fi tsoro. Wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin tambayarsa lissafi. Ranar da ka tambaya, sai a ce ka zarge shi, magana ta koma wajen iyaye. In dole ɗan'uwa ne zai riƙe, a yanka masa ladansa kamar bare, a rubuta.

Shi ma wakilin da ake biya ba a sakar masa ragama. Abin da aka sani yana faruwa: ya karɓi haya ya juya ta a kasuwa wata uku kafin ya kawo, ko ya faɗa wa ɗan haya farashi ɗaya, mai gida wani, ko gyaran famfo ya zo da kuɗin sabon banɗaki. Maganinsu ba wuya. Kuɗin haya ya shiga asusunka kai tsaye, kai ka cire masa nasa. A sa iyakar abin da zai kashe a gyara ba tare da ya kira ka ba. Lambar wayarka ta kasance a hannun kowane ɗan haya. Rasit kuma dole ne, musamman yanzu da sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar neman rangwamen kashi 20 na hayarsa, har zuwa naira 500,000. Ma'aikata za su riƙa neman shaidar biya, kuma adadin da ke kan takardar shi ne ya kamata ya zama wanda ka gani a asusunka.

Wanda yake zaune a unguwa ɗaya da gidansa, 'yan hayarsa ɗaya ko biyu, yana da lokaci, kuma yana iya kallon mutum ya ce masa wa'adi ya cika, wannan ya riƙe abinsa. Ya biya lauya sau ɗaya ya rubuta masa yarjejeniya mai kyau, ya sa mita mai kati, ya ɗauki hoton kowane ɗaki ranar miƙa makulli. Wanda kuwa tsakaninsa da gidan tafiyar yini ce, ko ƙofofin sun fi yatsun hannunsa yawa, ko kuɗin ba nasa ne shi kaɗai ba, ya nemi wakili, ya fara da tambayarsa gidaje nawa yake riƙe da su yanzu, sannan ya je ya ji ta bakin masu su.

Nan za mu dakata a shirin na yau. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]