Kakar Rangers ta 2016: Kofi Ya Dawo Inugu, Amma Ina Ribar?

INUGU — A ranar Lahadi 2 ga watan Oktoba na 2016, ƙungiyar wasan ƙwallon ƙafa ta Rangers International ta lallasa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da ci 4 da nema a filin wasa na Nnamdi Azikiwe da ke kan titin Ogui, ta kuma ɗauki kofin gasar ƙwararru ta ƙasa wanda rabonta da shi tun 1984. Ɗan wasanta na gaba, Chisom Egbuchulam, shi kaɗai ya jefa ƙwallo uku a raga. Filin, wanda aka gina domin 'yan kallo 22,000, ya cika ya batse, babu masaka tsinke.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo zancen ƙwallo a shafin ciniki. Amsar ita ce, ƙungiyar ƙwallo ma'aikata ce mai ɗaukar mutane aiki, mai biyan albashi da kuɗin mota da na masauki, kuma tana da haja ta sayarwa. Kakar wasa ta 2016 ta nuna cewa hajar Rangers tana da masu saye jingim. Abin da ya biyo baya kuwa ya nuna cewa ba a tanadi aljihun zuba cinikin ba.

Idan ba a manta ba, 2016 shekara ce ta tsanani. A watan Janairu farashin gangar ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 30 a kasuwar duniya. A watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin litar fetur daga Naira 86.50 zuwa Naira 145, sannan a ranar 20 ga watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira, inda dala ta tashi daga wajen Naira 197 zuwa kimanin Naira 280 a hukumance. Kafin ƙarshen shekara hauhawar farashin kaya ta haura kashi 18 cikin ɗari, tattalin arzikin ƙasa kuma ya ja baya da wajen kashi 1.6 cikin ɗari. Jihohi da dama sun kasa biyan albashi. Da yake mafi yawan ƙungiyoyin gasar mallakar gwamnatocin jihohi ne, talaucin baitulmali ya bi su har cikin fili. Warri Wolves, wadda ta zo ta biyu a 2015, ta yi fama da bashin haƙƙin 'yan wasa, ta kuma faɗa rukuni na ƙasa a 2016 tare da Heartland ta Owerri da Ikorodu United ta Legas.

A cikin wannan hali ne mai horar da 'yan wasa Imama Amapakabo, ɗan asalin Jihar Ribas, ya jagoranci Rangers. An fara gasar a watan Fabrairu da ƙungiyoyi 20, amma aka kori Giwa FC ta Jos bayan ta ƙi fitowa wasanni uku, aka kuma soke sakamakonta, don haka kowace ƙungiya ta ƙare da wasa 36. Rangers ta samu maki 63, Rivers United ta Fatakwal ta biyo ta da 60, Wikki Tourists ta Bauchi ta zo ta uku, kuma ɗan wasanta Godwin Obaje ne ya fi kowa cin ƙwallo da 18.

Waɗannan alƙaluma suna da abin lura. Maki 63 a wasa 36 na nufin maki 1.75 a kowane wasa, alhali Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Ingila a shekarar, ta samu 81 a wasa 38, wato sama da maki biyu. A gasarmu kowa zaki ne a gidansa, baƙo kuwa ya kan iso a gajiye bayan ya wuni a mota daga Inugu zuwa Kano ko Bauchi. Wasannin gida 18 ne, ko da an cinye su duka maki 54 kawai za a samu. Ke nan wanda zai ɗauki kofi tilas ya tsinto sauran a gidan wasu, kuma a nan ne Rangers ta fi abokan takararta. Ba ta sayo manyan sunaye ba. Da matasa irin su Egbuchulam da Obinna Nwobodo da Godwin Aguda, ƙarƙashin kyaftin Okey Odita, aka yi aikin. A harshen 'yan kasuwa, an sayi kaya da araha, kayan kuma suka yi daraja a hannu.

Sauran manyan garuruwan yankin ma kowanne ya gwada nasa tsarin a wannan kaka. A Fatakwal, gwamnatin Nyesom Wike ta haɗe Sharks da Dolphins wuri ɗaya a 2016 ta samar da Rivers United ƙarƙashin Stanley Eguma. Hikimar a fili take: maimakon ciyar da gida biyu da rabin ƙoshi, gara a ciyar da ɗaya ya ƙoshi, kuma zuwa na biyu a shekarar farko ya gaskata lissafin. Anacha kuwa, duk da girman kasuwarta, ba ta da ƙungiya a gasar, domin Jasper United da ta yi tashe a shekarun 1990 ta daɗe da rushewa. Masu sha'awar kallo sai dai su gangara Nnewi, inda attajirin man fetur, marigayi Ifeanyi Ubah, ya sayi Gabros International ya sa mata sunansa. Ƙungiyar ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2016 bayan ta doke Nasarawa United da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sai dai ƙungiyar attajiri ɗaya tana rayuwa ne gwargwadon sha'awarsa da ƙarfin aljihunsa, kamar yadda tarihin Abiola Babes da Leventis United ya nuna, kuma a 2021 ita ma ta faɗa rukuni na ƙasa.

Ga 'yan Arewa mazauna Inugu, wannan ba labarin nesa ba ne. Zamansu a garin ya daɗe, har wani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950. Unguwar Ama Hausa ba ta da nisa da filin wasa, kuma duk ranar da Rangers take gida, mai tsire da mai rake da mai goro da mai lemo da mai shayi kowa ya san kasuwa ta buɗe. Haka abin yake ga takwarorinsu na Diobu a Fatakwal. Kaka ɗaya na nufin ranakun ciniki 18, kuma bambancin fili cike da fili fayau shi ne bambancin ƙarar da kaya kafin magariba da komawa gida da kwantai. A ranar wasan ƙarshe da El-Kanemi, ba mamaki zuciyar wani ta karkata Maiduguri, amma aljihunsa yana tare da Rangers.

'Yan canjin unguwar kuwa sun fi kowa fahimtar dalilin da ya sa ƙungiyar ba za ta iya riƙe 'yan wasanta ba. Kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, ƙarƙashin Shehu Dikko, ya ƙayyade Naira 150,000 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa. A farashin hukuma na farkon 2016 wannan ya kai wajen dala 760. A ƙarshen shekara, lokacin da dala ta doshi Naira 500 a kasuwar bayan fage, kuɗin bai fi dala 300 da 'yan kai ba. Yaron da ƙarfinsa ba zai wuce shekara goma zuwa goma sha biyar a fili ba, wa zai ga laifinsa idan ya nemi inda ake biya da kuɗin waje? A farkon 2017 Egbuchulam ya tafi aro ƙungiyar BK Häcken ta ƙasar Suwidin.

A wannan shekara ta 2016, a Amurka ma an yi irin wannan dogon jira ya ƙare. Ƙungiyar Chicago Cubs ta wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da kulki, ta ɗauki kofin ƙasar bayan shekara 108. Bambancin shi ne Cubs kamfani ce da iyalan Ricketts suka saya a 2009 kan kuɗi sama da dala miliyan 800, kuma 'yan kallo fiye da miliyan uku ne suka shiga filinta a kakar, da tikiti. Leicester ta karɓi fam miliyan 93 daga asusun gasar Ingila, akasari kuɗin talabijin. A can nasara tana shiga littafin lissafi, ta zama jarin shekara mai zuwa. A nan, al'adar gwamnoni ce su buɗe ƙofa kyauta ranar babban wasa, wato ranar da haja ta fi tsada ita ce ranar da ake rabar da ita. Rigunan da magoya baya ke sawa kuwa, yawancinsu kwaikwayo ne daga kasuwa, ko kwabo ba ya shiga asusun ƙungiya.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A gasar zakarun Afirka ta 2017 Rangers ta tsallake JS Saoura ta Aljeriya da ƙyar, sannan Zamalek ta doke ta da ci 4 da 1 a Masar, nasarar 2 da 1 da ta samu a Inugu ba ta wadatar ba. Da ta sauko gasa ta biyu ta nahiyar, Zesco United, ƙungiyar kamfanin wutar lantarki na Zambiya, ta fitar da ita. A gida ta yi ta jan ciki a ƙasan tebur, a watan Afrilu aka raba Amapakabo da aikinsa, wata shida kacal bayan an ɗaga shi sama, kuma sai a ƙarshen kaka ƙungiyar ta tsira daga abin kunyar da bai taɓa samunta ba tun kafa ta a 1970, wato faɗawa rukuni na ƙasa. A shekarar ce kuma kamfanin talabijin na SuperSport ya daina nuna wasannin gasar, babbar kafar kuɗi ta toshe.

A ganin wannan marubuci, laifin ba na mai horarwa ba ne. Sunan Rangers, wanda su Christian Chukwu da Emmanuel Okala suka gina har da kofin Afirka na 1977, dukiya ce da duk mai masana'anta zai so ya jingina hajarsa da ita. Amma mai zuba jari yana son ganin littafin shige da fice, da yarjejeniyar da ba za ta mutu da sauyin gwamna ba. Wannan magana ta shafi Kano Pillars kamar yadda ta shafi Rangers, domin ita ma a kan kasafin jiha ta dogara duk da dubban da ke cika filin Sani Abacha. Ƙungiyoyin biyu sun haɗu a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba a 2018, inda Pillars ta yi gaba da ci 3 da nema, Rangers ta farke duka, ta kuma ci da bugun fanareti. A 2024 Rangers ta sake ɗaukar kofin gasar, karo na takwas, ƙarƙashin Fidelis Ilechukwu, kuma a wannan karon ma daga baitulmalin Jihar Inugu albashin 'yan wasan ya fito.