Jan ruwan kwalbar nan ba jinin Baba ba ne

Na'urar awon sukari ta shiga gidaje a Damargu, daga Tanut har Belbeji, wata sayen Damagaram, wata tsarabar Kano. Abin haushi, ana buɗe kwali sai a yar da takardar bayani.

Wasu na'urorin suna zuwa da ƴar kwalba mai ruwa ja ko shuɗi. Sukari ne aka auna aka haɗa tun daga masana'anta, don a gane ko na'ura da tsinken awo suna faɗin gaskiya. A ɗiga shi a tsinke, a gwada lambar da ta fito da iyakar da aka buga a jikin gwangwanin tsinke. Iyakar nan ta ruwan ce, ba ta jinin kowa ba.

Ga inda sakaci yake. Yaro ya ɗauki na'urar tsoho ya ɗiga ruwan, lamba mai yawa ta fito, ya ajiye ya tafi. Wata na'urar takan gane ruwan da kanta, ta sa masa alamar kwalba. Wata kuwa sai an danna mata, in ba haka ba ta lissafa shi a matsayin jini, ta cusa shi cikin matsakaicin kwana 7, 14 da 30. Washegari wani ya duba ajiyar na'urar ya ce, "Sukarin Baba ya hau!" Sai a ƙara masa ƙwaya ko allurar insulin, ba tare da an tambayi likita ba. Sukari ya faɗi ƙasa da 70, ga gumi, ga rawar jiki, ga suma, asibitin Tanut kuma ba nan kusa ba. Haba jama'a! Lambar da ba ka san wanda ya auna ba, ita za ka ba mutum magani a kanta?

Duk wanda ya gwada ruwan, ya sa alama, ya rubuta rana da lokaci a littafi. A rubuta ranar buɗe kwalbar a jikinta, yawanci wata 3 ne wa'adinta. Tsinke ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, bazararmu kuwa tana haura 40, don haka kada a bar shi a mota ko ƙarƙashin rufin kwano.

In lamba ta ba ku tsoro, ku wanke hannun maras lafiya, ku sake awo da sabon tsinke, ku kai wa ma'aikacin lafiya na'urar da littafin. Canjin magani aikinsa ne.