Namuzajiyya ko ta unguwa? Abin da za a auna kafin a tsallakar da yaro kogi

Da zarar sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito a jihar Hartum, iyaye kan kasu gida biyu. Akwai masu murna, sunan ɗansu ya fito a makarantar da suke so. Akwai kuma masu zirga-zirga tsakanin ofisoshin ilimi da takardu a hannu, suna neman a mayar da yaro wata makarantar da ba ta unguwarsu ba. A cikin Hausawan Mayo da Umbadda da Haj Yusuf, tambayar da na fi sha a wannan lokaci, a matsayina na malamin makaranta, ita ce: "Ustaz, in bar shi nan kusa da gida ne, ko in kai shi namuzajiyya?" Amsarta ba ɗaya ba ce ga kowane gida, amma akwai abubuwan da ya kamata kowane uba ya sani kafin ya yanke shawara.

Makarantun sakandaren gwamnati na boko a jihar nan iri biyu ne. Akwai waɗanda ake kira jugrafiyya, wato na unguwa, inda ake tura yaro bisa ga wurin da yake zaune. Akwai kuma namuzajiyya, makarantun zaƙaƙurai, waɗanda maki ke shigar da yaro cikinsu. A zamanin makarantar asas mai shekara 8, wadda aka kawo a farkon shekarun 1990, jimillar makin jarrabawa 280 ce, kuma masu shiga namuzajiyya su ne waɗanda suka kusa cike ta. Bayan sauyin gwamnati na 2019 an dawo da tsarin shekara 6 na firamare, 3 na mutawassiɗa, 3 na sakandare. Sunaye irin su Bashir Muhammad Sa'id ta maza da Asma'u Abdurrahim ta mata a Umdurman, da Shaikh Mustafa al-Amin a Hartum, iyaye sun san su saboda yawan jin su idan ana karanto waɗanda suka yi zarra a Shahadar Sudan.

To me ya sa ake wannan rububi? Saboda Shahadar Sudan ita ce ƙofar jami'a, kuma da kaso ake shiga. Darussa 7 ake lissafa wa ɗalibi: 4 na dole, wato Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai 3 na ɓangaren da ya zaɓa, kimiyya ko adabi. Mai son karatun likita a Jami'ar Hartum sai ya haura kashi 90 cikin 100. Yaron da makarantarsa ba ta da tsayayyen malamin fiziya ko kemistiri, ko ɗakin gwaji mai aiki, an riga an rage masa hanya tun bai zauna jarrabawar ba. Da yawa daga cikin yaranmu da suka koma ɓangaren adabi, ba son ransu ba ne. Malamin kimiyya ne babu.

Barin gida don neman makaranta mai kyau ba baƙon abu ba ne a Sudan. A 1946 aka buɗe Hantub, tsallaken kogi daga Wad Madani, da Wadi Sayyidna a arewacin Umdurman, daga baya Khor Taggat ta biyo kusa da al-Ubayyid. Ja'afar Numairi da Hasan Turabi a Hantub suka yi karatu, marubuci Ɗayyib Salih kuma a Wadi Sayyidna. Amma waɗancan makarantun kwana ne, gwamnati ke ci da yaro, ita ke ba shi makwanci. Yau makarantun da muke magana a kansu na je-ka-ka-dawo ne. Nisan hanya da kuɗin mota da karin kumallo, duk a wuyan uba suke.

Sannan ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya rufe makarantu ya kuma tarwatsa iyalai. 'Yan ajin da ya kamata su rubuta Shahada a 2023 ba su zauna mata ba sai ƙarshen Disamba 2024. Gadar Shambat da ke haɗa Umdurman da Bahri ta karye tun Nuwamba 2023. Ko bayan da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris 2025, makarantu ba su farfaɗo tare ba: yankin Karari ya riga sauran wurare komawa karatu, wasu malaman kuma har yanzu suna wasu jihohi ko ƙasashen waje. Don haka sunan da makaranta ta yi kafin yaƙi ba shi ne zai gaya maka halin da take ciki yau ba.

Bari in ba da misali biyu daga ɗalibaina, ba tare da ambaton suna ba. Ta farko yarinya ce, mahaifinta tela ne a Suk Libya. Makinta ya kai na namuzajiyya, amma wadda aka samar mata gurbi tana da nisa, mota biyu ce daga gidansu. Ya same ni bayan la'asar, ya ce, "Ustaz, 'ya mace ce fa. Ta fita da asuba ta dawo da almuru? Mahaifiyarta ba ta yarda ba." Na ce masa, "Baba, kafin ka ce e ko a'a, akwai wani naku da ke zaune kusa da makarantar?" Ashe ƙanwarsa tana aure a Sawra. Aka yi shawara a gida, yarinya ta koma wajen gwaggonta, tana zuwa gida Alhamis ta koma Asabar da yamma. Ba a rasa ƙananan maganganu ba, don zama gidan wani sai haƙuri, kuma uban ya riƙa kai ɗan abin cefane duk wata don kada ta zama nauyi. Ta gama a ɓangaren kimiyya.

Na biyu yaro ne mai kaifin kai a lissafi. Shi ba shi da kowa a tsallaken kogi, kullum sai ya bi hafila ya haye gada. Yana isa an fara darasin farko, yana dawowa a gajiye, littafi na hannunsa barci ke sace shi. Ranar da babu kuɗin mota, babu makaranta. A ajin kuma kusan kowa na zuwa darasin kuɗi da yamma, malamai na gudu da manhaja bisa zaton kowa ya gane. Shi da ya saba zama na ɗaya sai ga shi a ƙasan aji, kuma ba ya faɗa wa kowa. Bayan shekara guda mahaifinsa ya dawo da shi makarantar unguwa, kuɗin motar ya koma biyan wani malamin fiziya da ke koyar da su su biyar a zaure. Yaron ya dawo hayyacinsa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Ga wanda ya yanke shawarar canjin, a yadda na saba gani ana bukatar takardar sakamako, takardar amincewa daga makarantar da za a koma cewa akwai gurbi, takardar sallama daga wadda za a bari, da sa hannun ofishin ilimin sakandare na ƙaramar hukuma. Jihar Hartum na da ƙananan hukumomi 7: Hartum, Jabal Auliya, Umdurman, Umbadda, Karari, Bahri da Sharƙ an-Nil, kuma canji daga ɗaya zuwa wata ya fi ɗaukar lokaci. Idan makarantar ta unguwa ce, za a nemi shaidar zama daga kwamitin unguwa. A nan ina jan kunne: kada a rubuta adireshin gidan da yaro ba ya kwana a ciki. Idan zai zauna wajen kawunsa, to ya zauna da gaske. Gurbin da aka samu da takardar ƙarya na ɗan wani ne, kuma ka koya wa naka darasin da ba ya cikin manhaja. A kuma nema wa yaro lambar ɗan ƙasa tun da wuri, domin za a bukace ta wajen rajistar Shahada, kuma mu Hausawa mun san wannan takarda kan ja mana lokaci fiye da yadda muke zato.

Kafin duk wannan, zuwa da kai ya fi aike. Ka je makarantar ranar karatu. Ka tambayi wa ke koyar da fiziya da kemistiri da lissafi a bana, ka ga ɗakin gwajin da idonka, ka tambayi yawan yara a aji da abin da majalisar iyaye ke karɓa. Ka bi hanyar da kanka da sassafe, ka ƙirga lokaci da kuɗi, ka ninka da kwanakin wata, sa'annan da shekara 3. Ka kuma zaunar da yaron ka ji ta bakinsa. Wanda ya tashi cikin 'yan'uwa yana Hausa a gida da layi zai shiga ajin da wataƙila shi kaɗai ne, kuma wata rana zai ji an ce masa Fallati da wata irin murya. Wani yaron wannan ƙara masa ƙaimi yake yi, wani kuwa karya shi yake yi. Uwa ta fi kowa sanin wanne ne nata, don haka a sa ta cikin shawarar.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce, namuzajiyya ba za ta ɗauki ko rabin yaranmu ba. Mafi yawansu a makarantar unguwa za su yi karatu, kuma can ne ba a cika ganinmu a taron majalisar iyaye ba. Kakanninmu da suka yada zango a ƙasar nan kan hanyar Makka, daga Mai Wurno har Gadarif, da kuɗin hannunsu suka riƙe makarantun allo. Idan gida ashirin suka haɗa abin da za su kashe a mota, za su iya riƙe malamin kimiyya na yamma, su gyara allo da kujeru, su kuma je ofishin ilimi da murya ɗaya su nemi a turo malami. Wanda Allah ya ba ɗansa maki da masauki, ya kai shi, muna yi masa fatan alheri. Sauranmu kuma, taron majalisar iyaye na gaba, a daure a zo.