Kafin Ku Miƙa wa Yaro Makullin Babur

Ya ku iyaye, a Suame yaro yakan tashi da ƙarar inji a kunnensa. Wanda yake koyon gyara a Magazine ko yake kai kaya Kejetia ba ya daɗewa kafin ya roƙi a saya masa babur, musamman irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora da aka ƙera domin hanyar ƙasa. Babur yana sauƙaƙa aike da neman abinci. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata su riga makulli shiga hannun yaro.

Shekaru da takardu

A Gana, hukumar DVLA ba ta ba da lasisi sai mutum ya cika shekara 18, kuma lasisin babur shi ne aji A. Wajibi ne babur ya kasance da rajista da inshora. Yaron da bai kai ba, kada a bar shi ya hau titi, ko da aiken na kusa ne.

Hular kwano

Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular kwano ga mai tuƙi da wanda ya goya. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ku sayi wadda ta kama kansa daidai, ya riƙa ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Hular magina ba ta maye gurbinta. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a sauya ta, ko da ba a ga tsaga ba. Ya sa rufaffen takalmi da dogon wando, kada ya hau da silifa.

Yadda zai koya

A fara a fili, nesa da motoci, tare da babba mai haƙuri. Ya zauna a kan babur a ga ko ƙafafunsa suna kaiwa ƙasa. Ya iya tsayawa kafin ya iya gudu: birkin gaba ne ya fi ƙarfi, amma in aka cafke shi a kan yashi, taya sai ta zame. Ku gaya masa cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake buƙata tana ninkawa huɗu. Tayoyi masu haƙora kuma ba sa kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai. Kada ya yi goyo, ko tuƙin dare, ko shiga cunkoson shataletalen Suame sai hannunsa ya faɗa. Manyan motoci suna da gefen da direba ba ya ganin mai babur, don haka kada ya kutsa tsakaninsu.

In ya faɗi

Ku kira 112. Kada ku cire masa hula sai in numfashinsa ya toshe, kada ku juya wuyansa, kada ku ba shi ruwa. Inda jini yake zuba, ku danne da tsabtataccen ƙyalle. Ƙunar salansa a zuba mata ruwan sanyi na minti 20, ban da man goge baki ko baƙin mai. In akwai rauni, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Raunin kai yakan ɓuya. Yaro yana iya miƙewa ya ce lafiyarsa lau alhali jini yana taruwa a cikin kansa. In kun ga amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jijjiga, ko jini ko ruwa daga hanci ko kunne, ku garzaya da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Kada ku jira gari ya waye.

Lissafin sayen babur bai cika ba sai an sa kuɗin hula a ciki. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.