Yadda ma'aikatan jinya ke gano taɓarɓarewar numfashi kafin na'ura ta yi ƙara

A sashen kula da marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani, wanda aka fi sani da ICU, likita yakan zagayo ya duba ya wuce, amma ma'aikacin jinya ne ke bakin gado dare da rana. Saboda haka nauyin gano cewa numfashin majinyaci ya fara lalacewa ya fi rataya a wuyansa, kuma sau da yawa 'yan mintuna ne tsakanin a farga da wuri da a farga bayan aikin gama ya gama.

Abu na farko da ake koya masa shi ne ƙirga numfashi, aikin da agogo kaɗai yake buƙata. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. Ga yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, da 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar.

Wannan ƙidaya tana cikin alamomin da ke fara sauyawa idan jiki ya shiga hatsari, galibi tun kafin hawan jini ya faɗi. Duk da haka ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Takardar majinyaci da aka jera wa 20, 20, 20 tun safe har dare ta fi nuna kintace fiye da ƙidaya. Ƙwararren ma'aikaci yakan ƙirga minti guda cur, kuma ba ya sanar da majinyacin, domin wanda ya san ana lura da numfashinsa yakan sauya shi.

Bayan ƙidaya sai kallo da sauraro. Shin majinyacin yana iya kai jimla ƙarshe, ko sai ya yanke ta ya yi haki? Ana duba ko ƙofofin hanci na buɗewa, ko jijiyoyin wuya na miƙewa, ko tsakanin haƙarƙari na lotsawa, ko ɓangare ɗaya na ƙirji ya daina ɗagawa. Ruɗewa da fizge-fizge ma suna iya zama alamar ƙarancin iskar oksijin a ƙwaƙwalwa, don haka ba a gaggawar ba irin wannan majinyaci maganin barci.

Akwai kuma shirun da ke yaudara. Mai asma da ƙirjinsa ke ta shewa, idan ya yi tsit alhali yana ci gaba da wahala, to iskar ce ta kusa daina shiga. Haka nan wanda ya wuni yana haki sannan numfashinsa ya ragu, barci na fizgarsa, mai yiwuwa gajiya ce ta ci ƙarfinsa, iskar kabon dayoksaid tana taruwa a jininsa. 'Yan uwa kan ce ya samu sauƙi. Ma'aikacin da ya san aikinsa a lokacin yake kiran likita.

Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ta sauƙaƙa aiki matuƙa. Ga yawancin manya ana son ta nuna kashi 94 zuwa 98 cikin 100, amma ga mai daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin huhu ana tsayawa a 88 zuwa 92, domin yawan oksijin na iya cutar da shi. Oksijin magani ne, yana da kima kamar kowane magani.

Sai dai na'urar tana da iyaka. Sanyin hannu, motsi da fentin farce mai duhu suna rikita ta. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki tana iya nuna masa lamba mai kyau alhali gubar kabon monoksaid ta mamaye jininsa. Wani binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi a farar fata, batun da ya shafi kusan kowane gado a Najeriya. Shuɗin leɓe ma alama ce mai zuwa a makare, kuma tana da wuyar gani a fatarmu, shi ya sa ake duba harshe da cikin baki.

Mafi muni a cikin waɗannan larurori shi ne matsanancin kumburin huhu da likitoci ke kira ARDS, wanda aka fara bayyanawa a 1967. Yakan biyo bayan nimoniya, gubar ƙwayoyin cuta a jini, mummunan rauni ko ƙuna, kuma an ga yawansa a lokacin annobar korona. Ruwa ne ke tsatso wa cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, sai huhun ya yi tauri, oksijin ya kasa ratsawa zuwa jini.

Ma'aunin gano shi na Balin da aka wallafa a 2012 ya dogara da gwajin iskar jini da na'urar taimaka wa numfashi, abubuwan da asibitoci da dama a Afirka ba su da su. A 2016 masu bincike a Kigali ta Ruwanda suka nuna cewa ana iya amfani da na'urar yatsa da hoton sikanin na huhu a madadinsu. Ma'anar wannan ita ce lambobin da ma'aikacin jinya ke rubutawa sun shiga cikin hujjojin gano cutar kai tsaye.

Idan aka ɗora majinyaci a kan na'urar numfashi, aikin ƙaruwa yake yi. Tun daga wani babban gwaji a Amurka a 2000 aka san cewa hura iska kaɗan-kaɗan, kimanin mililita 6 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, yana rage mace-mace. Shi ya sa auna tsawon majinyaci ba wasa ba ne. Wani gwajin da Faransa ta jagoranta a 2013 ya nuna kwantar da masu tsananin ciwon rub-da-ciki na aƙalla sa'o'i 16 a rana ya rage mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa 16 cikin 100. Juya mutumin da ke da bututu a maƙogwaro aiki ne na mutane da yawa, kuma ma'aikatan jinya ne ke tsare bututun, su kare fuska da ƙirji daga gyambo. Su ne kuma ke ɗaga kan gado, su wanke baki, su zuƙe majina, don kada sabuwar nimoniya ta shigo ta bututun.

A Najeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ce ke tantance kwasa-kwasan ƙwarewa da ake yi bayan karatun jinya na farko, ciki har da na kula da masu tsananin ciwo. Amma yawancin masu sarƙewar numfashi ba a ICU suke fara faɗuwa ba. A ɗakin haɗari da gaggawa ne, ko ɗakin yara, ko ƙaramin asibitin da nas ɗaya ke kwana da gadaje da dama, kuma a can ne ake yanke shawarar wanda za a fara sanya wa tukunyar oksijin da ta rage.